Kusurwar Hagu ta Hoton Fitowar Rana

Ranar Talata ce, cikin kaka, jim kaɗan bayan sallar asuba, a shekarun alif ɗari tara da ashirin da 'yan kai. Wurin kuwa bakin fadamar Kalgo. Da farko ni kaɗai ne, sai akwatin ɗaukar hoto a kan ƙafafunsa uku. Kafin rana ta gama fitowa mun zama mu biyar, ɗayanmu kwance cikin jini.

Akwatin na wani dattijo ne mutumin Ikko, mai ɗaukar hoto, wanda ya sauka Gwandu tare da fatake. Na bar ɗinkin da nake yi na bi shi, ina kiransa Maigida. Da muka zo Kalgo muka sauka gidan yayana, wanda ke noman shinkafa a can. A ranar ne Maigida ya fara barina in ɗauki hoto ni kaɗai. Ya ba ni gilashi ɗaya, domin a lokacin a kan gilashi hoto yake kamawa, ya kuma kafa mini doka: in na cire murfin idon akwati, in ƙirga goma a hankali, kada in motsa ko da kunama ce ta hau ƙafata.

Na shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle na daidaita abin da nake so: ruwa, giginya ɗaya, da jar ranar da ta fara tasowa daga gabas. Na fito, na sa gilashin, na cire murfi.

Ina kan biyu na ji gudu daga hagu. Wani dattijo makiyayi ne, mutum biyu na bin sa. Daga baya na ji cewa shanunsa ne suka ratsa shinkafar wani. Ina kan uku gora ta same shi a ƙeya, ya kifa. Ba su bar shi ba. Ɗaya yana dukan haƙarƙari, ɗaya yana dukan kai, ƙarar tana zuwa mini kamar ana sussukar dawa. Rana tana bayansu, ban ga fuskar kowa ba. Yayana, wanda ya fito gona da fartanya a kafaɗa, ya tsaya cik tsakanina da su, tsoro ya sandarar da shi.

Na ci gaba da ƙirga. Ba zan ƙawata wannan ba. Na kai goma, na mayar da murfi, sannan na yi ihu. Mutanen biyu suka faɗa cikin ciyawa. Ni da Yaya muka ɗauki dattijon zuwa gari, kunnensa na zubar da jini a kan rigata.

Kafin hantsi labari ya zagaye Kalgo cewa akwatin ya ga komai. 'Ya'yan dattijon su uku suka iso daga rugarsu da sanduna, suka zauna a ƙofar zauren Yaya. Babbansu ya ce, “Kai mai akwati, an ce abin nan naku ba ya mantuwa. Fito muna da wanda ya bugi Baffa. Mu za mu ƙarasa sauran.”

Maigida ya ce musu hoto ba ya fita sai rana ta yi ƙarfi, su yi haƙuri. Muka shiga ɗakin da muka toshe da tabarmi da barguna, ya wanke gilashin a ruwan magani, ya ɗaga shi ga haske.

Akwatin hoto na wancan zamani ba ya riƙe mai motsi. Masu dukan sun zama hazo-hazo, babu mai cewa mutane ne. Abu biyu ne suka fito tsaf a kusurwar hagu ta ƙasa: mutum kwance, da mutum tsaye da fartanya. Tsakaninsu a fili ya kai taku ashirin, amma a gilashi tazarar ta ɓace, mai fartanyar ya zama kamar a kansa yake tsaye. Kafaɗarsa ta hagu a karkace take, tun faɗowar da Yaya ya yi daga kan jaki yana yaro. Duk Kalgo babu wanda bai san kafaɗar nan ba.

Na ce, “Maigida, mu fasa shi.”

Ya ce, “In ka fita hannu wofi, za su ce ɓoyewa ka yi, su fara da kai su gama da gidan nan. Zauna. Hoton ma bai yi kyau ba.”

Na ɗauka tsoro ne ya taɓa masa kai. Amma da gaske yake. Ya ɗauko kwalaye biyu masu siffar kusurwa, waɗanda yake gwada hoto da su, ya ɗora a kan gilashin yana matsar da su.

“Dubi nan. Ka raba hoton biyu daidai, rabi sama rabi ƙasa, ido bai san inda zai sauka ba. Ranar ka dasa ta a tsakiya kamar ƙwai a faranti. Bakin ruwan ya karkace, ƙafar akwatinka ɗaya ta nutse a laka ba ka lura ba. Ƙasan nan kuma duk baƙin tabo ne. Me ka je ɗauka, rana ko tabo?”

“Rana.”

“To, a bar rana.”

Ya ɗaga kwalin ƙasa har tabon ya tafi, saura siririn ruwa mai haske. Ya turo na hagu har ranar ta bar tsakiya ta koma gefe, giginyar ta tsaya a dama tana tare ido. Ya ɗan juya kwalayen, bakin ruwa ya miƙe. Da tabon, da mai kwance, da mai fartanya, duk suka shige ƙarƙashin kwali. Abin da ya rage bai kai rabin gilashin ba, kuma ko a cikin tashin hankalin nan na ga ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Ya yanka taga daidai wannan girman a baƙar takarda, ya manna ta a fuskar gilashin, ya sa takardar hoto a baya, ya ɗaure su cikin katakon buga hoto. Ni ya ba ni in kai tsakar gida in shanya a rana, a gaban mutanen uku.

Suka kewaye ni. Ƙaraminsu ya sa kan sandarsa a kan baƙar takardar. “Wanga baƙin fa? Mi ke ƙarƙashi?”

Maigida ya ce daga bakin ƙofa, “Ɗana, inuwa ce. In babu ita rana za ta ƙone hoton, ku tashi ba ku ga komai ba.”

Ya janye sandar. Yaya yana zaune a gindin bango, bai san abin da ke cikin gilashin ba. Har ruwa ya miƙa musu.

Da lokaci ya yi Maigida ya zare takardar, ya tsoma ta a magani, ya miƙa wa babban tana ɗiga. Mutumin ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

“Ina Baffa?”

Na ce, “Bai shiga ba. Rana na je ɗauka.”

“Rana.” Ya dubi ƙannensa. “Ana kashe mutum gabanai, shi yana kallon rana.”

Ban ga tasowar sandar ba. Na dai tare da hannu, na ji ƙashin ya karye ƙasa da gwiwar hannu. Ta biyu ta same ni a baki, haƙora biyu suka fita. Yaya ya yi tsalle ya rungume shi ta baya, ƙannen suka yi kan Yaya, ɗaya ya fasa masa gira. Babban ya fizge, ya ɗaga sanda ya sauke a kan katakon bugawa, sau uku, har gilashin ya zama tsakuwa a cikin baƙar takardar. Ya tofa yawu a kai. Maƙwabta suka shigo suka raba, mutanen uku suka koma wurin mahaifinsu.

Maigida ya share tarkacen da kansa, ya zuba a masai.

Makiyayin ya rasu bayan kwana biyu, ba a kuma gano waɗanda suka buge shi ba. Hannuna ya ɗoru a karkace, ban sake riƙe allura ba. Yaya ya ci gaba da noman shinkafarsa a fadamar nan shekara da shekaru, ya rasu ban faɗa masa ba. Hoton, wanda babban ya yar a tsakar gida na tsinta, yana cikin akwatin kayana, faɗinsa bai kai tafin hannu ba.