Baƙon da Ba Ya Cin Tuwonmu

Igiyar na fara gani. Bayan sallar asuba na leƙa tsakar gida, sai ga igiyar shanyarmu tana juyawa a iska, wani ɗan siririn mutum yana tsalle a cikinta, ƙafafunsa ko ƙura ba sa tayarwa. Shi ne alhajin da ya sauka a ɗakinmu na baya a unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki, Bahaushe haifaffen Sudan. Shekaruna goma sha shida a lokacin, na kuma gama haddace ƙananan littattafan soyayya na Masar da yayana ke ɓoyewa a ƙasan tabarma.

Kwana uku aka yi akushinsa yana dawowa kamar yadda aka kai. Dabino uku, shayi ba sukari, yanka ɗaya na nama, shi ke nan abin da yake ci. Inna ta shiga damuwa.

"Baƙon Allah ya rame a gidana? Me maƙwabta za su ce?"

Ni kuwa na san amsar, ai na karanta ta sau goma. Saurayin da ya daina cin abinci, yake tashi da asuba yana tsalle, ciwon so ke damunsa. Budurwa kuma ɗaya ce a gidan nan. Sai na karɓi girki daga hannun Inna. Naman hadaya ya cika gari bayan Arfa, na dinga soya shi da man shanu, ina ɗora masa a kan shinkafa, ina ƙara masa da masa da zuma. Baba da kansa yake kai akushin, ya zauna a gabansa yana cewa, "Bismilla, ya Hajji, kada ka kunyata mu." Wane baƙo ne zai ƙi? Akushi ya fara dawowa wayam. Na ce a raina warkewa ta zo, ni ce maganin.

Ranar bakwai na ji hayaniya a zaure, inda Baba ke sayar da gero. Na leƙa ta labule. Baƙon yana tsaye a kan mizanin buhuna, ya dafe kai.

"Baba, kun kashe ni! Nauyin ukka biyu na ƙaru, ya fi kilo biyu!"

"To alhamdulillahi," in ji Baba.

Nan ya yi bayani. Ɗan damben zamani ne, irin na safar fata, da shi yake ci da mahaifiyarsa. A ajin marasa nauyi yake. Ana auna mutum kafin wasa, in ya wuce awo ko kaɗan, an cire shi. Babban wasan da ya shekara biyu yana jira yana can a Bur Sudan, jirgi kuma saura kwana goma sha biyu.

Na koma ɗaki na ci kuka. Ashe ba ni yake so ba, mizani yake tsoro. Amma kafin azahar kukan ya bushe, domin labarin ya fi na littafin daɗi.

Baba ne ya kawo dabara. Ya kira shugaban 'yan garuwa na unguwa ya ce a ara wa baƙo sanda da garwa biyu. Tun daga washegari yake ɗebo ruwa yana hawa duwatsun Misfala da gudu cikin rana, kyauta yake zuba wa tsofaffi. Unguwa ta ɗauka. Kowace la'asar zaurenmu ya cika, masu tsire da teloli da dillalai, ana jiran awo.

"Yalla, ɗan tsurut, hau mu gani!"

"Cire hular, ita ma nauyi ce!"

"Wannan ne zai doki mutum? Iska ma ta kayar da shi!"

Ya yi dariya, ya kai wa buhun gero naushi uku kafin mai maganar ya rufe baki. Buhun ya fashe. Baba bai ko yi faɗa ba.

Ni ce nake auna masa abinci yanzu, dabino uku, rowa iya rowa, Inna tana kawar da kai. Ranar tafiya Jidda, inda zai shiga jirgin ruwa, ya hau mizani. Harshen mizanin ya yi rawa, ya yi rawa, ya tsaya daidai. Aka ɗauki kabbara har ana jiyowa daga bakin titi, ni kuma na rangaɗa guɗa a bayan labule, na manta ban taɓa yi ba.

Alhazan baɗi suka kawo mana labari ya ci wasan, daga baya kuma muka ji ya yi shekaru yana dambe har Masar. Bayan shekara ashirin, ina da 'ya'ya biyar, wani ƙaton mutum mai lanƙwasasshen hanci ya yi sallama a zauren. Ya bar dambe, yana sayar da abinci a bakin tashar jirgin ruwa. Ya gaida Inna, ya zauna, ya ce a taimaka a kawo masa shinkafar nan mai man shanu. Sau uku aka ƙara masa.