Ruwan Jegon Da Rana Ta Dafa

Autata ta yi haihuwar fari a gidan haya a Unguwar Rimi, irin gidajen nan masu doguwar katanga da tsakar gida shimfiɗe da intalok. Tun tarewarsu mai gidan ya ja musu kunne cewa ba a hura icce a gidansa. Ni kuma ɗaki ɗaya gare ni a Kinkinau, ko wurin kafa murhu babu, balle ta zo wankan gida. Sai na ƙulle kayana na koma can.

Haihuwar ta bar mata hawan jini. Likita ta ce a riƙa kai ta awo, kada a yi nisa da ita. Ana cikin haka gwaggon mijin ta iso daga ƙauyensu bayan Katsina, doguwar tsohuwa mai ƙarfin murya, ita ta raine shi. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara leƙe-leƙe.

"Ina murhun? Ina tukunyar wankan?"

Surukina ya sunkuyar da kai ya nuna mata saman rufi. Wani tanki ne kwance, baƙaƙen bututun gilashi jere a ƙarƙashinsa. Ya ce, "Gwaggo, sola ce. Rana ke dafa ruwan."

"Rana? Kuɓewa za mu shanya? Ruwan da wuta ba ta taɓa ba, da shi za a gasa jikin mai jego? In babu wuta nan, a ba ni ita mu tafi gida."

Gidan nan da take faɗa, sai an tsallake rafi kafin a ga asibiti. Surukina ba ya iya musu da ita, 'yata kuma tana kwance tana bin mu da ido. Na ce, "Hajiya, ni ma jego na yi, hayaƙinsa ne har yau a ƙirjina. Ki bari ki taɓa ruwan da safe. In bai yi miki ba, sai mu yi magana."

Na faɗa da ƙarfi, amma ni kaina ban taɓa ganin aikin abin da sassafe ba.

Yinin ranar 'yan barka suka cika gidan. Da suka gano famfon banɗaki na zubo ruwan zafi alhali an ɗauke wuta, sai abin ya zama kallo. Wannan ta yi alwala, waccan ta tara bokiti ta wanke kwanukan tuwo, wata ta jiƙa zannuwan jariri. Har bayan magariba famfon bai huta ba.

Da gari ya waye muka tara ruwa a baho. Gwaggo ta tsoma hannu har gwiwa, ta bar shi a ciki tana kallona.

"Wannan ko kaza ba ya figewa."

Gaskiyarta, ɗumi ne kawai. Ta ce a nemo mota, gobe za su kama hanya.

Sai da na aurar da manyan 'ya'yana na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma babban abin da na samo can shi ne na daina jin kunyar tambaya. Na tare surukina a bakin mota, ba ruwana da surukuta.

"Tsaya. Abin nan ya lalace ne ko ƙarya aka sayar maka?"

"Lafiyarsa lau, Mama. Duk ruwan zafin da aka ɗiba, na sanyi ne ke shiga madadinsa. In rana ta faɗi kuma babu mai dafa shi sai gobe."

"To da ba a taɓa ba, zai kwana da zafinsa?"

"Zai kwana. Kamar fulas yake."

"Shi ne ka yi shiru jiya mata na ta wanke-wanke?"

Ya ce ya ji nauyin hana baƙi. Na ce ni ban ji ba.

Na yage bakin tsohon ɗankwalina na ɗaure kan famfon tam, na ja kujera na zauna a ƙofar banɗakin. Duk wadda ta nufo da buta sai in nuna mata randa. Wata ƙawar 'yata ta ce, "Kai Mama, yanzu rana ma rowarta ake yi?" Na ce, "Ranar haihuwarki sai ki yi kyauta da taki." Wankan yamma da kaina na auna ruwan. Sauran yinin kuwa idona na sama, ina roƙon Allah kada hadari ya taso. Ban taɓa murna da ƙunar rana irin ta ranar ba.

Washegari direba ya iso, Gwaggo ta fito da jakarta. Na ce kafin ta tafi sai ta sake taɓa ruwan. Na kwance ƙyallen, na murɗa famfon. Ya yi tari, sannan ruwa ya zubo, tururi ya turnuƙe banɗakin har madubi ya rufe. Ta tsoma yatsa ta fizge.

"Wayyo! La'ilaha illallahu! Ki sirka, Hajiya, so kike ki saɓule ɗiyar mutane?"

"Ai likita ma cewa ta yi a sirka."

Ta tsaya tana hura yatsan. Can ta ajiye jakar, ta ɗaura zani a ƙirji, ta ce a miƙo mata ganyen darbejiya, ita za ta yi wankan da hannunta don mu 'yan birni ba mu iya ba. Ta leƙa waje ta ce wa direba ya tafi, ita sai an yi arba'in.

Na fito tsakar gida. Na zauna daɓas a kan intalok ɗin mai gida, ina jin ƙarar ganye da muryar 'yata tana cewa, "Gwaggo a hankali." Kwanon kunun kanwar mai jego na kusa da ni. Na ɗauka na shanye tas.