Silin Ɗin da Na Ƙi Saukewa

Ranakun aiki da yawa sun shige mini ban riƙe komai nasu ba, amma ban iya mantawa da wata Talata ta watan Rajab ba, shekara huɗu ke nan, ranar da Abu Maryam ya shigo warsharmu, wato garejinmu na unguwar Waziriyya a Jidda, rungume da kwali. Ku da kuka same ni a nan kuna mita cewa ba na barin kowa ya ɗaura bel ɗin kujera a mota sai na zo na tsaya a kansa, har na ji wasunku na cewa tsufa ne ya fara taɓa ni. Tsufan akwai shi, ban musa ba. Amma dalilin daban ne.

Ni mai tanjid ne, wato ɗinkin cikin mota: kujeru, kafet, bangon ƙofa da silin. A Kano na koyi ɗinkin kushin, na zo umara na zauna, na sha ɓuya shekaru kafin Allah ya haɗa ni da kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, na samu iƙama, takardar izinin zama. A warsha irin tamu kowane ɓangare yana da babbansa, shi ake kira mu'allim, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a ɓangaren. Ni ne na ɗinki. Mamman Sani, mutumin Maraɗi, shi ne na walda. Ƙa'idarmu tun asali ita ce, duk aikin da ya haɗa ƙyalle da ƙarfe sai mun yi shawara mu biyu.

Abu Maryam kuwa sunansa Bakur, haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Dogo ne, ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa, Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci. Motar tasa tsohuwar 'yar Amurka ce ta shekarun sittin, mai ƙofa biyu, mai inji silinda takwas, irin wadda in aka tayar da ita sai kwanon shayi ya yi rawa a kan tebur. Mahaifinsa direban wani attajiri ne a unguwar Balad, da ya ajiye aiki aka sallame shi da ita. Ta yi shekara ashirin a lulluɓe a ƙofar gidansu a unguwar Sa'alaba kafin ɗan ya ce sai ya dawo da ita kan titi.

Aikina na ƙarshe a cikinta shi ne silin, rufin ciki da ke saman kan mai zama. Na motocin yanzu faranti ne guda, ka tura ka ɗaure. Na waccan ƙyalle ne da ake ɗinka masa aljihuna, a zura siraran ƙarafa, a rataya, a yi ta ja ana ɗamewa da zafi, sannan a manne bakinsa a ƙarƙashin robar gilashi a yanke rarar. In an yanke rarar nan, shi ke nan, ko ka sauke shi ba zai koma yadda yake ba. Kwana tara na yi a kansa. Sau biyu ina warwarewa. Da na gama, fari tas, babu ƙanƙanin tamoji ko ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Duk wanda ya shigo warsha, ko ruwa ya zo sayarwa, sai na ja shi na ce ya leƙa ya ɗaga kai.

Kwana uku bayan haka kwalin ya iso.

"Ya mu'allim, shuf, duba," in ji Abu Maryam, yana buɗewa. "Hizam ne, sabon bel, na kafaɗa. Maryam ta ce wallahi ba ta shiga motar, ni ma ba ta bari na in shiga, in dai wannan igiyar ƙugu ce kawai."

Maryam 'yarsa ce, ita kaɗai gare shi, ba ta daɗe da karɓar lasin ba. Gaskiya ta faɗa. Bel ɗin asali na motar na ƙugu ne kaɗai, in aka yi karo ƙugu ya tsaya, ƙirji da fuska su tafi su gaisa da sitiyari. Dama saboda Maryam an riga an canja birki, an sa sandar sitiyari mai shigewa ciki in an bugu, ni kuma na ƙara wa kujerun majinginar kai. Bel ne ya rage.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, bel na kafaɗa wuri uku yake kamawa. Biyu a ƙasa, dama da hagu na ƙugu. Na ukun a sama, kuma dole ya kasance daidai kafaɗar mai zama ko sama da ita. A motocin yanzu akwai ginshiƙi tsakanin gilashin gaba da na baya, nan ake ɗaure shi. Motar Abu Maryam ba ta da ginshiƙin nan, in an sauke gilasai gefen a buɗe yake wayam, kuma shi ne kyanta. Don haka takardar da ta zo cikin kwalin ta nuna a zane: a kai maɗaurin sama cikin rufin mota, a yi wa wurin waldar fallen ƙarfe mai kauri. Walda a rufi kuwa ba ta yiwuwa sai an sauke silin.

Na tsaya ina kallon zanen, ina kallon silin ɗina. Sai na lalubo wani wuri a bangon gefe, bayan kujerar direba, ƙasa da bakin gilashin baya. Ƙarfen wurin mai kyau ne. Na sa alli na yi alama, na kira Mamman Sani.

Ya duba alamar, ya duba takardar. "Malam Tanimu, takardar sama ta ce."

"Wanda ya rubuta takardar bai taɓa ganin motar nan ba."

Ya shiga ya zauna a kujerar, ya kai hannu kafaɗarsa, sannan ya kai kan allin. "Dubi tazarar. Ya fi taƙi guda ƙasa da kafaɗata, Alhajin kuma ya fi ni tsawo. In aka yi karo, bel ɗin ba baya kawai zai riƙe shi ba. Ƙasa zai danne shi."

Maimakon in saurara, sai na mai da abin wasa. Na ce yaushe mai walda ya zama likitan ƙashi, ko a ajin faransancin da ya gudu daga ciki aka koya masa? Na ce motar da za a fita da ita ranar Juma'a kawai a sha iska, wa zai yi karo da ita? Raina ya ɗan ɓaci ma, don na ga kamar yana raina kwana taran da na yi.

Bai ja da ni ba. Ya ɗauko kayansa ya yi waldar inda na nuna, mai kyau ƙwarai. Da ya cire gilashin fuskarsa ya ce, "Waldata ba za ta saki ba. Wurin kuma kai ka zaɓa."

Ranar da Abu Maryam ya zo ɗauka, ya zauna, ya jawo bel ɗin ta bayan kafaɗarsa ya maƙala. Sai ya waiga ya dubi inda aka ɗaure shi.

"Ya mu'allim, ni a hoton takarda kamar sama na gani."

A nan ne na yi abin da har yau yake cina. Na ce, "Duk ɗaya ne, Abu Maryam. Haka ma ya fi kyau, ba a taɓa silin ba."

Ya ɗaga kai ya kalli silin ɗin, ya yi murmushi. "Ɗayyib. Kai ne mu'allim."

Wata biyar bayan nan, kwanaki kaɗan da wucewar Babbar Sallah, ya fita da safiyar wata Juma'a zai je kasuwar kifi, shi kaɗai. Wata a-kori-kura ta fito masa daga lungu ba ta duba ba. Ba gudu yake ba. Birki ya kama, sandar sitiyari ta shige ciki yadda aka yi ta, bel ya riƙe, waldar Mamman Sani ko motsi ba ta yi ba. Fuskarsa ko ƙwarzane babu. Amma da aka zo fito da shi ya kasa miƙewa. Gaɓa biyu na ƙashin bayansa sun murƙushe.

Muka je asibiti duba shi ni da Mamman Sani bayan an yi masa aiki. Ina shiga ɗakin dangi suka taso mini da godiya. Maryam ta ce, "Ammu Tanimu, Allah ya saka. Hizam ɗinka ne ya ceci Baba." Sai ta ƙara da abin da likita ya gaya musu, cewa ƙashin dannuwa ya yi daga sama, kamar an sako masa buhu a kafaɗa. Ita labari kawai take ba mu. Na waiga, na ga Mamman Sani ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan an sallami Abu Maryam daga asibiti suka aiko mini da sabuwar jallabiya da kwalbar turare. Na karɓa na yi godiya. Na ce wa kaina ai bel ɗin ya cece shi da gaske, da na ƙugu ne kaɗai wa ya san abin da zai faru? Wannan gaskiya ce, kuma da ita na yi ta rufe ɗayar gaskiyar wata da watanni. Jallabiyar dai na kasa sa ta.

Sai aka kawo motar gyara. Aka miƙe gabanta, aka yi fenti. Bel ɗin da ya taɓa riƙe mutum a karo ba a sake amfani da shi, don haka Abu Maryam ya aiko da sabon kwali, ya kira ni a waya.

"Ni tuƙi halas, na daina, ya mu'allim, bayan ba ya yarda. Maryam ce za ta riƙa ja na. Ka sa shi inda ka sa na farko, kada ka canja komai."

Maryam doguwa ce kamar ubanta.

Na kwana biyu ina neman dabara. Na yi tunanin in mai da maɗaurin sama a ɓoye, amma sai an sauke silin, kuma zai tambaya. Rana ta uku bayan la'asar na tafi Sa'alaba. Na same shi a tsakar gida bai idar da salla ba, a kan farar kujerar roba, yana ɗan sunkuyar da kai a madadin sujada. Na jira ya sallame. Aka kawo shayi ban taɓa ba. Na gaya masa komai: takardar, gargaɗin Mamman Sani, amsar da na ba shi da ya tambaye ni, da dalilin da ya sa.

Ya jujjuya ƙaramin kofin shayin a hannunsa.

"Saboda silin?"

"Saboda silin."

"Da ka ce mini a sauke, wallahi ko sau goma ne sai in ce a sauke. Ƙyalle ne fa, ya Tanimu."

Tunda na san shi bai taɓa kiran sunana haka tsurarsa ba. Na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama, ko wurin kafilina ne ya kai ni ba zan musa ba. Ya girgiza kai.

"Na yafe, don ni ma ina son a yafe mini. Tuƙin bai dame ni ba. Wata takwas ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba, shi nake kewa." Ya ajiye kofin. "Yalla, je ka gyara wa 'yata."

Washegari na sa reza na sauke silin ɗin. Abin da na yi kwana tara ina ɗamewa bai kai minti goma ba ya zube a kan kujera. Mamman Sani ya yi waldar fallen ƙarfe a rufi, dama da hagu. Kafin mu huda muka kira Maryam ta zauna muka auna, sannan aka taimaka wa mahaifinta ya zauna a ɗaya gefen muka auna shi ma. Na ɗinka sabon silin. Kusa da notin bel ɗin akwai ɗan tamoji da ya ƙi fita, na bar shi a nan.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A sana'ar nan akwai aikin da ido ke gani da aikin da ke ƙarƙashin ƙyalle, kuma mu masu ɗinki mun fi kowa saurin ruɗuwa, don namu ake yabo. Mai mota ba ya iya duba abin da muka rufe. In ya ce maka "kai ne mu'allim," ya daina tambaya ke nan, ya miƙa maka bayansa da na 'ya'yansa. In takarda ta ce sama, abokin aikinka ya ce sama, kai kaɗai ke cewa ƙasa, to tsaya ka tambayi kanka me kake karewa.

Abu Maryam yana nan, Maryam na kawo shi warsha lokaci-lokaci in motar na son dubawa. Yana gaishe ni da fara'a, yana tambayar iyalina a gida. Mamman Sani yake kira mu'allim yanzu. Ni Tanimu yake ce mini, kuma ban taɓa jin ya rage ni da komai ba.