Abin da 'Yan Aji Ɗaya Ke Nufi da Ji

Malama Barakatu 'yar Indabo ce, aure da aiki ne suka zaunar da ita a Wudil, inda take kula da laburaren wata sakandaren 'yan mata. Mace ce marar hayaniya, ba abin da ke ɓata mata rai kamar a ajiye littafi inda ba wurinsa ba. Duk Laraba takan koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake nemo littafi. A ganinta, darasin nan kaɗai ya bambanta ta da mai gadin ɗaki.

Bara shugaban makarantar, Malam Yahuza, ya ce zai mayar da lokacin ga lissafi, tunda har yanzu yaran ba sa iya nemo komai da kansu. Ya ɗaga mata ƙafa zuwa ƙarshen zango.

A wani taron bita da ta halarta a Kano aka gaya musu ɗalibai iri-iri ne: wasu da gani suke koyo, wasu da ji, wasu sai sun taɓa. Da ta dawo ta tambayi ajin da me suke koyo, kusan kowacce ta ce da ji. Sai ta naɗe hotunan da ta tanada, ta koma bayani da baki. Kullum su ce sun ji, amma in ta tura su nemo littafi sai su yi cirko-cirko.

Wata Laraba ta tsare Suwaiba, wata 'yar garin Darki mai surutu, ta ce ba ita ce ta ce da ji take koyo ba?

"Ƙwarai, Malama. Amma ni sai na ɗaga abu nake jin nauyinsa. Yajin Inna ma ai ba da kunne nake jin sa ba."

Ajin ya kwashe da dariya. Malama Barakatu ba ta yi ba. Ta gane in an ce ji, ita kunne take nufi, su kuwa ɗaliban ganewa suke nufi, ta kowace hanya ta zo.

Ranar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta sauko da littattafan tarihi duka, ta jibge su a tabarma, ta ce a mayar. Aka sha kuskure, ta daure ba ta sa hannu ba.

Ƙarshen zango Malam Yahuza ya zo ya ambaci littattafai, yaran suka nemo mafi yawansu. Ya bar mata Larabarta. Har yau littattafan tarihin nan ba su koma daidai yadda take so ba.