Kofin Shayin Usta Bello

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Usta Bello makanike a garin Mai Wurno ya san kofin nan. Ƙaramin kofin gilashi ne mai tsaga a baki. Usta zai cika shi da shayi har ya kusa tumbatsa, ya ɗora shi a kan murfin injin motarsa, ya tayar da ita, sannan ya tsuguna da sukudireba a hannu ya zuba wa shayin ido kamar mai jiran ganin wata. In shayin ya yi rawa ya zubo ko ɗigo ɗaya, sai ya girgiza kai ya ce, "Saura kaɗan, ya zol," wato kai bawan Allah. Na yi tuƙi a Jidda, na zauna a Kano da Njamena, na ga masu gyaran mota iri-iri. Na Kano kunne suke karawa a jikin inji. Na Jidda na'ura suke jonawa. Na Njamena wani lokaci ƙafa suke sawa su harbi motar, kuma ta tashi. Amma mai auna inji da shayi, wallahi ban gan shi ko'ina ba sai a gidan Usta, ɗan gwaggona.

Kuma don Allah kada a ce shayin yana tafiya banza. Ina! In ya gama awo sai ya miƙa wa baƙon da ya fi kusa. Shayi ya huce, yana ƙamshin fetur, ga ƙuda ya riga ka ɗanɗanawa. Ni kaɗai na sha abin da ya isa tayar da janareta.

Ku yara kun buɗe ido kun ga motar, ba ku san yadda ta zo ba. Wasu Turawa ne masu yawon duniya ta mace musu kusa da garin Hajj Abdalla, suka bar ta a harabar wani mai sayar da hatsi suka yi gaba. Irin motar nan ce mai ɗaki a ciki: ga gado, ga ɗan murhu, ga wurin wanke kwanuka, rufinta ma ana ɗaga shi sama mutum ya miƙe tsaye. Ta yi shekaru a wurin kaji suna kwana a ciki. Usta ya je gyara wa mai hatsin famfon ban ruwa, ya leƙa ta taga, ya ga gado. Shi ke nan. Ya ce ba ya son ladan aikinsa, a ba shi wannan gawar.

Gadon ne ya ja shi, kuma kowa a dangi ya san dalili. Yayyensa tagwaye ne, Yaya Hassana da Yaya Husaina. Hassana tana nan Mai Wurno, tsintar auduga a gonakin Jazira ta cinye mata baya, ba ta iya zama a miƙe ko na tsawon cin abinci, balle ta shiga hafla, motar haya da ake cusa mutane kamar buhunan albasa. Husaina kuwa tana wani ƙauye bayan Rusairis, ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi, ko a waya ba a gane maganarta. Tagwayen da suka kwanta ciki ɗaya, ga kogi ɗaya yana wuce ƙofar kowacce, amma sun yi shekaru ba su ga juna ba. Usta ya dafa motar nan a gaban mutane ya ce, "A kan gadon ga zan kai Yaya Hassana wurin 'yar'uwarta."

An ɗauro ta a bayan taraktan wani abokinsa, shi yana ciki yana riƙe da sitiyari, kaza ɗaya da ta ƙi fita tana kwance a kan ƙwanta cikin wurin wanke kwanuka. Mai hatsi ya biyo su yana kiran kazarsa. Usta ya leƙo ya ce, "Da abin da ke ciki muka yi magana." Ya sa wa motar suna Baturiya.

Washegari na je ganin amarya. Na tarar da shi a gaban motar yana dube-dube, fuska a murtuke. Ya leƙa ƙasa, ya ɓalle wani murfi, ya cire tayar da ke maƙale a goshinta.

"Alhaji, an cuce ni!" in ji shi. "Babu inji! Sun cire shi, sun bar mini kwanon banza!"

To ni na san irin motocin nan, na shiga su a Kano da Alƙahira, na san injinsu a baya yake. Amma Usta taubashina ne, tsakanina da shi babu tausayi. Na samu inuwa na zauna, na ce, "La haula! Mutanen Hajj Abdalla ke nan." Na bar shi ya zagi mai hatsi, ya zagi Turawa, har ya aika a kira mai tarakta a mayar da ita. Sai da ya sa takalmi sannan na zagaya na ɗaga ɗan murfin baya.

Ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Ina lagireto? Ina wurin zuba ruwa?"

"Ba ta shan ruwa. Iska take sha."

"Ba ta shan ruwa, kayan cikinta a baya..." Ya tafa hannu. "Wannan ai raƙuma ce aka yi wa fenti." Sai ya juyo gare ni. "Kai kuma Allah ya isa. Duk yawon duniyar da ka yi, mugunta kaɗai ka kawo mana tsaraba."

Amma a ranar ya gano abin da ya hana shi sukuni shekaru. Gadon a kan injin yake, daidai. Duk rawar da injin ya yi, a bayan Yaya Hassana za ta sauka. Daga nan kofin shayi ya samo asali.

Sai gyara. Ya salam! Usta mutum ne da ko ƙusa ya gani a hanya sai ya sa aljihu. Yakan je birnin Madani neman kayan gyara, ya zagaye rumfunan makanikai tun safe, ya taya wannan ya taya wancan, ya dawo da yamma bai sayi komai ba, aljihun jallabiyarsa cike da notunan da ya tsinta a ƙasa. Gaskit daga kwalin shayi ya yanka shi. Robar ƙofa daga tsohon tiyon famfo. Wata rana matarsa, Hajja Zainabu, ta fito tana neman tobinta mai furanni, mayafin da take zuwa biki da shi.

"Usta, ba ka ga tobina ba?"

"Wane?"

"Mai jan fure."

"Wanga da ya tsufa?"

"Sau nawa na sa shi da zai tsufa?"

Iska ce ta amsa, ta kaɗa labulen tagar Baturiya, jajayen furanni suna rawa. Hajja ta riƙe baki. Usta ya ce, "Ai ga shi nan, kowa ya wuce sai ya yaba. Ke da kina sa shi wa ya taɓa yabawa?" Ranar a gidana ya ci abincin rana.

Da injin ya fara tashi, unguwa ta taru. Hayaƙi ya turnuƙe, awaki suka tsinke igiya, yara suna ta ihu. Usta ya ɗora kofi, kofin ya yi tsalle ya faɗo ƙasa, a nan ya samu tsagar bakinsa. Ya ɗauka ya goge ya ce, "Saura kaɗan." Damina ta wuce, aka yanke dawa, wata daminar ta zo. Ya kwance kafireto ya ɗaura ba adadi. Ya kankare fulogi da takardar yashi har suka rame. Shayin ya daina tsalle, ya koma rawa, ya koma ɗan karkarwa kamar tsoho mai jin sanyi. Mu duk muka ce ya isa. Shi ya ce saura kaɗan.

Ya kuma ƙirƙiro gwaji na biyu, kuma ni ne dabbar gwajin. Ya ce in kwanta a gadon, tunda ni ma tsoho ne kuma ba ni da amfani a gari. Ya ɗora mini kofin a ƙirji, shayi mai zafi, ga ni cikin farar jallabiyar Juma'a. Muka hau titin Sinnar. Ramin farko ya watsa mini shi har cikin gemu. Na ƙwalla ƙara. Ya taka birki, ya zagayo da gudu, na ɗauka ni zai duba.

"Ya zube duka?"

"Na ƙone, Usta!"

"Ba ƙunarka nake tambaya ba. Ta wane ɓangare ya zubo, dama ko hagu?"

Bayan nan ya shimfiɗa tsofaffin tib na taya a ƙarƙashin katifar, ya hura musu iska rabi-rabi, ya sa aka sake cusa katifar da sabuwar auduga. Gaskiya gadon ya yi daɗi, har nakan saci barcin rana a kai. Amma tafiya shiru. In ya je gaida Yaya Hassana sai ta ce, "Bello, ya jikin amaryar taka?" Ya ce da sauƙi, saura kaɗan. Ta ce, "Ni ma saura kaɗan."

Sai saƙo ya zo daga Rusairis cewa Yaya Husaina ta daina cin abinci, ko kunu sai an matsa mata. Na tafi gidan Usta da hantsi ina zaton zan same shi yana ɗaura kaya. Na tarar ya baje sufanu a tabarma zai sake kwance kafireto. Na ce, "Usta, ka ji saƙon kuwa?" Ya ce ya ji. Bai ɗago ba. Ya ce, "Alhaji, hanyar Damazin da za mu bi zuwa Rusairis ba hanya ba ce. In bayanta ya ƙarasa a hannuna fa?" Ban taɓa jin muryarsa haka ba, sai na rasa abin tsokana.

Muna nan sai ga hayaniya a ƙofa. Maƙwabta ne ɗauke da angarib, gadon igiya, Yaya Hassana kwance a kai ta lulluɓa da mayafi, ƙunshin kayanta a ƙafa. Ta sa aka ajiye ta daidai bayan motar.

"Bello, tayar da ita in ga abin da ake ta faɗi."

Ya tayar. Ya cika kofi, ya ɗora. Shayin ya yi karkarwarsa, ɗigo ɗaya ya gangaro ta tsagar.

"Kin gani, Yaya? Shina zuba."

"Miƙo mini."

Ya miƙa mata. Ta ɗaga kai da ƙyar, ta kurɓa, ta yatsina fuska, ta sake kurɓa har ya koma rabi. Ta ce ya mayar. Ya mayar. Muka zuba ido gaba ɗaya.

"To? Shina zuba?"

"A'a, amma Yaya, ba haka ake..."

"Rufe mini baki. A bayan ga na goye ka ina tsintar auduga, kana mutsu-mutsu kamar kifi, ban taɓa auna ka da shayi ba. Ku ɗauke ni ku sa a ciki. Kuma shayin naka babu sukari, marowaci."

Haka muka kama hanya, ni a gaba kusa da shi. Na hau jirgin sama, na hau jirgin ruwa, na hau raƙumi, ban taɓa tafiya mai sanyin wannan ba. Raksha, babur mai ƙafa uku, ta wuce mu. Mai keke ya wuce mu ya yi mana sannu. Bayan garin Sinja wani mai keken jaki ya jera da mu har muka gama gaisawa, ya tambayi lafiyar mutanen gida, sannan ya ba mu haƙuri ya ce yana sauri. Duk ramin da Usta ya hango sai ya tsaya ya yi shawara da shi. Yana ta waiwaye yana cewa, "Yaya, lafiya?" Can ta ce, "In ka ƙara tambayata zan sauka in tafi da ƙafa." Kafin mu kai Damazin minsharinta ya fi ƙarar injin.

Mun isa bayan la'asar. Ɗakin Yaya Husaina ƙarami ne, ƙofarsa ba ta shigar da gado, sai aka ɗauko ta aka kwantar da ita a cikin motar kusa da 'yar'uwarta. Aka sauke labulen Hajja Zainabu. Sai muka ji Hassana tana cewa, "Haka kika rame? Wa ya ce ki daina cin abinci ba ki tambaye ni ba?" Husaina ta amsa da wannan harshe nata mai nauyi wanda ko 'ya'yanta ba sa ganewa, Hassana ta ce, "Ƙarya kike, ni ce babba." Ba a jima ba aka leƙo aka ce a kawo kunu, kwano ɗaya, ludayi biyu.

Na nemi Usta ban gan shi ba. Na zagaya na same shi tsugune a bayan motar, ya cusa kai cikin injin da ba abin da ya same shi, kafaɗunsa suna motsi. Na ce, "Mi ya lalace kuma?" Ya ce, "Fetur ya shigar mini ido." Na tsuguna kusa da shi, ni ma ya shigar mini.

Yaya Husaina ta ƙara ganin kaka ɗaya kafin ta rasu, Hassana ta bi ta ba da daɗewa ba. Usta kuwa bai daina awon shayinsa ba har ciwon ajali ya kwantar da shi. Ranar da na je duba shi na ƙarshe na ce, "Usta, ya jiki?" Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. Kun san abin da ya ce.

Baturiya tana nan ƙarƙashin dogon yaron gidansa, tayoyinta sun zauna. Da fitinar yaƙin nan ta koro mutane daga Madani, wata mata da tsohuwar uwarta a cikinta suka samu wurin kwana. Kofin ma yana nan, Hajja Zainabu ta hana a taɓa shi.

Allah ya jiƙan Usta Bello, ya jiƙan Yaya Hassana da Yaya Husaina. Yadda ya yi shekaru yana nema wa 'yar'uwarsa makwancin da ba ya girgiza, ya Allah ka ba shi wanda ya fi shi, ka sanyaya masa, ka haɗa mu da su cikin rahamarka. Amin.