Sunan Ɗiyata a Bakin Wata

Ɗiyata ta fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka aka raine mu a ƙauyenmu na wajen Faru: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa gaban mutane. "Ke yarinya" nake ce mata, ta kuwa amsa.

Tun ranar da muka baro ƙauyen da gudu, tana goye a bayana, ƙarar baburan 'yan bindiga na bin mu, ba ta ƙara sakin gefen zanena ba. Ni ma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai in nemi wurin ɓuya. Gidan yayar mijina muka sauka a Talata Mafara. Ita ce ta ce mu riƙa kai yarinyar filin da ake koya wa ƙanana gudu da ƙwallo ranar Asabar, ko ta ware.

Malamar wasan budurwa ce, ba ta girme ni ba, da takalmin kambas da usur rataye a wuya. Ranar da ta fara hura shi sai da na dafa bango. Takan jera robobin ruwa cike da yashi, yara su bi tsakaninsu da ƙwallo. Na yi tsere ina sakandare a garin Kaya, na san abin ba wuya, ni ma da na koya wa yarinyar. Amma ba ni take kallo ba.

Sunan nan ne ya fi ci mini rai. Malama ta kira shi da ƙarfi, ta ja shi kamar waƙa, ta haɗa da tafi. Sai in ga yarinyar da ba ta sakina ta ruga ba waiwaye.

"To, ɗiyarki ta samu uwa," in ji yayar mijina, tana dariya.

"Allah shi ƙara, Yaya," na ce.

Wata Asabar ƙafar yarinyar ta harɗe da roba, ta kife, gwiwa ta goge har da jini. Kukanta irin na ranar gudun nan ne. Ban san na miƙe ba, sai dai na ji sunan ya fita daga bakina, da ƙarfi, gaban kowa.

Matan da ke zaune gindin dalbejiya suka kwashe da shewa.

"La ilaha! Sunan ɗiyar fari? Yaran zamani, kunya ta ƙare!"

Ba shewarsu ta dame ni ba. Yarinyar ce ba ta ko juyo ba. Ta tashi tana ɗingishi ta faɗa jikin Malama, ita ko ta ɗauke ta, ta hura mata ciwon, tana maimaita sunan a hankali. Ina tsaye hannuwana ba komai.

Da muka kama hanyar gida, Yaya ta yi gaba. Na duba ba kowa kusa, na sunkuya, na sake faɗin sunan, ƙasa-ƙasa.

Sai yarinyar ta waiga baya tana neman Malama. Da ba ta gan ta ba, ta ɗago ta dube ni ta daɗe.

"Inna," ta ce, "ashe ke ma kin san shi?"