Matar da ta buɗe wa mutanen tsohon kicin hanya

Gari na wayewa za ka hango tsohuwar motar Mis Ozella Chisolm a ƙarƙashin itatuwan nan masu gansakuka tana reto kamar gemu, tsani ɗaure a sama, bokitan fenti suna ƙara a baya. Tun tana budurwa take shafa shuɗi a silin barandar tsofaffin gidajen garinmu Beaufort, shuɗin da kakanninmu suka ce fatalwa tana ɗaukarsa ruwa ne, ba ta iya ƙetarewa. Da hannunta take haɗa shi. Na kanti kuwa, ta ce ko sauro ba zai tsorata ba.

Yanzu gwiwoyi sun ƙi tsani, za ta ajiye buroshi. Raina bai so ba, shi ya sa nake son a san abin da ta yi a gidan bakin kogin Coosaw.

Wani Mista Tolliver ne ya sayi gidan, mai dogayen ginshiƙai da tsohon kicin na bulo a baya, inda bayi suka yi ta girki har suka mutu. Ya kawo masu fenti daga nesa, suka shafe ko'ina da shuɗi, har dokin ƙofa da tagogin kicin, ba su bar ko tsaga ba. Tun daga nan, da rana tsaka, sai a ji ana jijjiga ƙofar kicin daga ciki. Ƙamshin shinkafa ya riƙa tashi daga murhun da ya fi ƙarni ba a hura ba. Leburori suka watse. Mai gidan ya rantse zai rushe kicin, alhali a ciki kakar kakar Mis Ozella ta ƙare rayuwarta.

Ba wanda ya kira ta. Masu yankan ciyawar gidan sun ce ta zo ta ɗora tafinta a kan ƙofar, ƙofar tana kaɗawa, ta daɗe a haka. Mista Tolliver ya roƙe ta ta ƙara shuɗin, ya yi kauri.

Ta ce, "Ɗana, ka ga wanda ke son shiga? Waɗanda suka mutu a nan fita suke so, ka kewaye su da ruwa."

Ta hau tsani ta kankare fentin saman ƙofar, faɗin tafin hannu, har katako ya bayyana. Babu iska ranar. Amma duk wanda ke wurin ya ga gansakuka tana darewa, itace bayan itace, har bakin kogi. Ta sauko tana share hawaye, ta ce a ba ta ruwa ta sha. Kicin yana nan tsaye har yau, shiru.

Ke ce, Mis Ozella, kika tuna cewa gidajen nan da ake ɗaukar hotonsu suna da mutanen da ba a rataye hotonsu a bango ba. Mai shuɗin Coosaw, mun gode, Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi.

Ku kuma masu tasowa, in kun hau tsani a tsohon gida, ku bar hanya kamar yadda take bari. Na je gaishe ta makon jiya, na ga saman ƙofarta ma akwai wurin da ba fenti. Na tsokane ta ko fentin ne ya ƙare. Ba ta yi dariya ba.

"Wannan nawa ne," ta ce. "In lokaci ya yi, kada wanda ya shafe min."